BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: NASIHA A KAN ZAƁEN SANA'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai azurta wanda Ya so ba da lissafi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, mas'alar da muke so mu tattauna da kai ita ce wannan: idan tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, kuɗi suka zama takarda, albashi ya kasa kai mutum tsakiyar wata, da me za ka ciyar da waɗanda Allah Ya ɗora maka nauyinsu? Kuma shin ya halatta ga mumini ya yi shirin wannan rana tun ba ta zo ba, ko kuwa yin haka raunin imani ne? Ka karanta da natsuwa, domin maganar ta shafi tuwon gidanka, ta kuma shafi mutuncinka da addininka, tun da yake yunwa ta sha tura mutanen kirki zuwa ga roƙo da ha'inci da cin haram.

ABIN DA IDANU SUKA GANI

Ka sani, ba duba muke yi maka ba, sanin gaibu sai Allah. Abin da ya riga ya faru muke tuna maka.

A shekarar 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 55 take. A lokacin nan kuɗin mai sun cika ƙasa, samari suka ajiye fartanya suka kwararo birni neman aikin ofis da na kamfani. Ba a daɗe ba farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin nan da ake kira SAP, aka karya darajar naira. A 2024 sai da dala ɗaya ta haura naira 1,500. A shekarar nan aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi haka tsada a kasuwanni da yawa.

Dubi Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ta ɗauki dubban mutane, ta rufe a 2002. UNTL ta rufe a 2007. Magidantan da suka yi shekara ashirin suna tsaye gaban inji ɗaya suka wayi gari ba aiki, kuma abin da suka iya ba ya yiwuwa sai da wannan inji. Haka masana'antu da dama suka mutu a Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano.

'Yan'uwanmu na Nijar sun kwana da kuɗinsu a watan Janairu na 1994, suka tashi an raba darajar sefa biyu. A Labanan, daga ƙarshen 2019, bankuna suka hana mutane kwasar ajiyarsu, kuɗin ƙasar da ake canza dala ɗaya a kan 1,500 suka koma wajen 89,000. A Zimbabuwe, a farkon 2009, an buga takardar kuɗi guda ɗaya ta dala tiriliyan 100, kuma ba ta isa cefanen kirki ba. Kai ma ai ba ka manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mai miliyoyi a banki ya wuni a layi don naira dubu biyar, mai hatsi a rumbu kuwa ya sa aka daka masa ya ci. A ƙarshen watan Mayu na wannan shekarar aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000.

To, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Balle kuma namu gemun ya sha babbaka ba sau ɗaya ba.

SHIN TANADI YA SAƁA WA TAWAKKALI?

Wani zai ce, "Malam, ai bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Me ya kai ni damuwa da gobe?" Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma wanda Ya yi alkawarin arziki Shi ne Ya yi umurni da a tashi a nema.

Ka duba ƙissar Annabi Yusufu (A.S.). Da aka sanar da shi shekara bakwai na wadata da bakwai na fari, sai ya tsara yadda za a yi noma ba fashi, a bar hatsin a cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan a ajiye saura. Har ma ya nemi a ba shi riƙon taskokin ƙasar domin ya san aikin kuma shi amintacce ne. Wa ya kai annabin Allah tawakkali? Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Ya kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan zo aikin hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su kama roƙon mutane, sai Allah Ya saukar da aya a Suratul Baƙara Yana umurni da a yi guzuri.

Ka ga ke nan tawakkali aikin zuciya ne, neman sababi kuwa aikin gaɓoɓi ne, kuma ba a ɗauke wa mumini ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya zauna ya naɗe hannu ya ce ya dogara ga Allah, in ka bincika da kyau, a kan aljihun yayansa ko maƙwabcinsa ya dogara. Wanda kuma ya riƙi sana'arsa yana ganin ita ce mai ba shi, ya manta da Mai bayarwa, shi ma ya karkace.

TANADIN DA YA HALATTA DA WANDA YA HARAMTA

Idan mutane suka ji ƙamshin tsanani, da yawansu hanya ɗaya suke bi: su tara, su ɓoye. Mai kuɗi ya aika yaransa ƙauye lokacin kaka su kwashe masara da gero da arha, ya kulle a sito, yana jiran bazara ta yi, talaka ya galabaita, ya fito da shi ninki biyu. Wannan shi ne ihtikari, kuma Muslim ya ruwaito hadisin da ya kira mai yin sa mai saɓo. Malamai sun bambanta shi da magidancin da ya ajiye abin da ya noma don cin iyalinsa. Na farko yana jiran wahalar Musulmi ne ya ci riba, na biyu yana kare iyalinsa daga roƙo.

Ban da haramci ma, tarawa dabara ce mai gajeren zango. Buhu yana ƙarewa, gunda tana cinye wake, ɓarawo yana fasa sito, kuɗin da ka binne gwamnati tana iya canza su cikin wata biyu. Kuma wanda ya ƙoshi shi kaɗai a unguwar da kowa ke jin yunwa, wallahi ba zai yi barci da ido biyu rufe ba.

Tanadin da ba ya ruɓewa shi ne abin da ka iya yi da hannunka wanda mutane ba su iya rayuwa sai da shi. A nan ne maslaharka da ta jama'a suka haɗu wuri ɗaya: gwargwadon yadda mutane ke amfana da kai, gwargwadon yadda za ka samu abin sa wa a baka, ko da naira, ko da sefa, ko da mudun gero aka biya ka. Saboda haka ne malamai irin su Imam Gazali da Ibnu Taimiyya suka sanya noma da saƙa da gini da makamantansu cikin farillan kifaya, watau in aka rasa mai yin su a gari, laifi ya hau kan kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya yi wa shugaba wasiyya da ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya kuma tabbatar kowane gari yana da nasa. Ashe koyon sana'a da kyakkyawar niyya ibada ce.

MA'AUNI BIYAR NA ZAƁEN SANA'A

Na farko, ta zama halal. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Caca ta waya, da bashi da ruwa, da sayar da ƙwaya, da damfara ta intanet, duk suna bunƙasa ne lokacin tsanani, domin mai jin yunwa yana da sauƙin yaudara. Kada tsoron talauci ya kai ka can.

Na biyu, ta zama tana biyan buƙatar da ba ta yankewa. Ka tambayi kanka: in kuɗin mutum suka ragu da rabi, me zai fara bari, me kuma ba zai iya bari ba? Zai bar ƙawa da kwalliyar biki da sabon yayi. Ba zai bar ci da sha ba, ba zai bar sutura da wurin kwana da magani ba. Saboda haka manomi, da mai kiwo, da mai haƙa rijiya, da mai gyaran famfon burtsatse, da magini, da ma'aikacin jinya, da ungozomar da ta samu horo, ba a rabuwa da su. Ka lura da wani abu kuma: in tsada ta yi yawa mutane sukan daina sayen sabo su koma gyaran tsoho. A nan kasuwar bakanike da mai walda da mai gyaran waya da mai naɗin fanka da mai gyaran takalmi take buɗewa. Je ka Panteka a Kaduna ka ga yadda ake mai da tsohon ƙarfe tukunya da murhu da injin niƙa.

Na uku, kayan aikinta su zama kusa da kai. Duk sana'ar da numfashinta ke rataye da dala ko fetur ko wutar lantarki, ranar da waɗannan suka yi tsada ita ma ta kwanta. Masu gonar kajin turawa da yawa sun rufe a 2023 da 2024 saboda tsadar masara da waken suya, amma kazar gida da akuya suna kiwo a bayan ɗaki da dusa da harawa. Telan da ya iya keken taka-taka yana ɗinki ko an ɗauke wuta. Manomin da ya san haɗa takin gida da toka da kashin dabbobi, ya kuma san ajiye irinsa daga kaka zuwa shuka, tsadar takin zamani ba ta tsai da shi gaba ɗaya. Masu noman rani da suka koma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana sun huta da sayen mai, kuma yaron da ya koyi haɗa sola da gyaranta ya samu abin yi a birni da ƙauye.

Na huɗu, ta zama tana iya tafiya da kai. Gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016. Rikici ya kori mutane daga garuruwansu a Barno da Zamfara, yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya raba miliyoyi da gidajensu, cikinsu har da Hausawan can. Wanda dukiyarsa ke cikin shago ya bar ta a baya. Wanzami da tela da birkila kuwa, duk inda suka sauka, kafin mako ya zagayo sun fara samun na cefane. Ka tuna da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.), ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Ba'ansare ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'a ya nemi kawai a nuna masa kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu, ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Makka ta riƙe dukiyarsa, amma ba ta iya riƙe sanin cinikin da ke kansa ba.

Na biyar, ka dubi abin da garinku ya rasa. Mu dai al'adarmu, in mutum ɗaya ya buɗe shagon cajin waya ya samu, sai goma su buɗe a layi ɗaya, duk su rasa. Dubban samari sun dogara da acaɓa a Kano, aka wayi gari a watan Janairu na 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, sanarwa ɗaya ta tsai da su duka. Alhali akwai ƙauyukan da in famfonsu ya lalace sai ya yi wata shida, mata da yara suna tafiya mai nisa neman ruwa, don babu mai gyara ko ɗaya. Wanda ya toshe irin wannan kafa ya samu abinci, ya kuma sauke wa garinsu farilla.

CUTAR RAINA SANA'A

Ya ɗan'uwa, babban abin da ya hana mu sana'a ba rashin jari ba ne kamar yadda muke faɗa. Girman kai ne. Saurayi ya gama makaranta, ya yi shekara biyar yana yawo da takardu a ambulan, yana karɓar kuɗin kati wajen tsohuwarsa mai sai da ƙosai, amma in ka ce ya je gareji ya koyi aiki sai ya ce an wulaƙanta shi, wai kada a gan shi da baƙin mai a riga. Wanne ya fi zama abin kunya, baƙin mai ko miƙa hannu?

Akwai kuma tsohuwar al'ada ta raina wasu gidaje, a ce wannan ɗan maƙera ne, wancan ɗan mahauta ne, wancan ɗan wanzamai ne, har a hana su aure saboda haka. Wannan ragowar jahiliyya ce, ba ta da asali a addini. Annabi Dawuda (A.S.) sarki ne, amma ƙera sulke yake yi, daga aikin hannunsa yake ci. Annabi Zakariyya (A.S.) masassaƙi ne. Annabi Nuhu (A.S.) da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Babu annabin da bai yi kiwon tumaki ba, har da Shugabanmu (S.A.W.). Habbabu ɗan Aratti (R.A.) maƙeri ne. Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi (R.A.) tana jima tana ɗinkin fata, ta sayar ta yi sadaka. Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana. To kai wane ne da za ka raina abin da waɗannan suka yi? Wuƙar da kake yanka layya da ita, wa ya ƙera ta?

GA MA'AIKACI, DA UWARGIDA, DA UBA

Kada ka fahimce mu a karkace. Ba mu ce a bar karatun boko ba, ba mu ce ka ajiye aikinka ba. Likita da injiniya da malamin makaranta da masanin magunguna suna cikin farillan kifaya su ma, kuma ranar tsanani an fi buƙatarsu. Abin da muke cewa shi ne, kada ka rataye rayuwar gidanka a igiya ɗaya wadda wani ne ke riƙe da bakinta. In kai ma'aikaci ne, dokar ƙasa ba ta hana ka noma ba. Ka nemi ɗan fili ko na aro ne, ka fara da abin da za ka iya kula da shi. Ka sa yammacinka da ranakun hutunka wajen koyon aiki ɗaya har ka ƙware, amma kada ka saci lokacin ofis, domin albashin da ka karɓa a kan sa'o'in da ba ka yi aiki ba haram ne.

Kada ka ce girma ya kama ka. Ka rusuna wa mai koya maka ko da ɗan cikinka ne, neman sani ba ya rage mutum. Kuma ka sani sana'a ba ta shiga hannu a wata ɗaya. Noma sai ka ga damina biyu ko uku kafin ka san halin gonarka, ɗinki da kanikanci sukan ci shekaru. Wannan shi ya sa muka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai an sallame shi daga aiki sa'an nan ya sayi fartanya, zai yi kuskuren ɗan koyo a lokacin da ba shi da abin cike asara.

Ka bar iyalinka ta koyi abin yi a cikin mutunci, ka taimaka mata da jari in kana da hali. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, daddawa, sabulu, ɗinki, saƙa, turkar rago, duk gidaje nawa suka riƙe bayan mai gida ya rasu ko ya kwanta ciwo? Kuma abin da ta samu nata ne, shari'a ba ta ba ka ikon taɓa shi ba sai da yardarta, ciyarwa kuwa tana nan a wuyanka. 'Ya'yanka kuma, ka haɗa musu uku: karatun addini, karatun zamani, da sana'ar hannu lokacin hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya tura yaro birni da ƙoƙon bara ba tare da guzuri ba, ya koya masa sana'ar da ta fi kowace saurin mutuwa ranar yunwa, domin ranar nan mai bayarwa ma nema yake.

JARIN DA YA FI KAYAN AIKI

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ke riƙe da sauran. In kuɗi suka yi wuya, ciniki yakan koma kan bashi da yarda: ba ni yau in biya ka kaka, yi mini aiki in ba ka hatsi. A irin wannan kasuwa, wanda aka sani da gaskiya shi ne mai jari. Telan da ke karɓar ɗinkin salla ya ɓuya ranar jajibere, da bakaniken da ke cire sabon ƙarfe ya sa tsoho, da mai awon da ya bubbuge gindin mudu, da maginin da ke rage siminti, suna ci ne lokacin da mutane ke da yawa kuma kuɗi na yawo. Ranar da kowa ke ƙirga kwabonsa, ba mai komawa wurinsu. Ka ƙware a aikinka, ka cika alkawari, ka faɗi aibin kayanka, ka sassauta wa wanda ya gaza. In kana da sana'a, ka ɗauki yaro ɗaya ko biyu na maƙwabta, musamman marayu, ka koya musu tsakani da Allah, kada ka mai da su 'yan aike shekara bakwai kana ɓoye musu sirrin aiki.

Kuma kada ka ɗauka akwai sana'ar da ta fi ƙarfin ƙaddara. Fari ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi a 1973 da 1984, ambaliya ta shafe dukiya a Maiduguri a watan Satumba na 2024, 'yan bindiga sun hana manoma da yawa zuwa gona. A Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan hijira, yunwa ta kama Madina alhali Sayyidina Umar (R.A.) ne halifa, sai da aka kawo abinci daga Sham, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har jama'a suka samu sauƙi. Abin da ya fitar da su, bayan rahamar Allah, shi ne taimakon juna. Saboda haka ka yi naka ƙoƙarin, ka fitar da zakka, ka san halin da maƙwabcinka ya kwana, sa'an nan ka bar wa Allah sauran.

Muna roƙon Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sa albarka a hannuwanmu da gonakinmu da kasuwanninmu, Ya tsare mu daga yunwa da bashi da roƙon wanin Sa, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.